Bisharar da Aka Yanke da Aska

Akwai wata magana da ta shigo ikkilisiyoyinmu ba da sallama ba, har ta sami kujera ta zauna. Za ka ji ta a bakin ɗan makarantar da ya dawo hutu daga jami'a, za ka ji ta a bakin ma'aikacin da yake neman zaman lafiya a ofis, wani lokaci ma a bakin dattijon ikkilisiya a wurin gaisuwar mutuwa. Maganar ita ce: "Ai addini hali ne. Yesu ya zo ne ya koya mana ƙauna da haƙuri da riƙon amana. Sauran zancen, ko shi Allah ne ko ba Allah ba ne, a bar wa masu tauhidi su yi ta gardamarsu." Maganar tana da daɗin ji, tana sanye da rigar tawali'u, mai faɗinta kuma sau da yawa mutumin kirki ne. Duk da haka ina so in faɗa a fili, 'yan'uwa, cewa in aka bi ta har inda ta nufa, ba za ta bar ko tubali ɗaya na bangaskiyarmu a tsaye ba.

Kada a ɗauka da maƙwabtanmu Musulmi nake. Su sun bayyana matsayinsu ba ɓoye-ɓoye: suna girmama Annabi Isa a matsayin annabi da manzo, ba su kuwa yarda shi Allah ne ba. Mun san inda muka rabu, muna gaisawa, muna cin kasuwa ɗaya. Da ɗan gida nake, wanda aka yi wa baftisma cikin sunan Allah Uku-Cikin-Ɗaya, wanda yake miƙa hannu ya karɓi gurasa da ƙoƙo a Jibin Ubangiji, sa'an nan in an tambaye shi wane ne Yesu, sai ya sunkuyar da kai ya ce babban malami ne. Da mu masu hawa mumbari kuma nake, domin sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Wannan ra'ayi yana da tarihi, har akwai wanda ya aiwatar da shi da hannunsa. A shekara ta 1820, wani dattijo mai shekara 77 a ƙasar Amurka, Tomas Jefason, wanda ya taɓa zama shugaban ƙasar na uku, ya kammala wani aiki da ya daɗe yana saƙawa a ransa. Ya samo Sabon Alkawari cikin harsuna huɗu, Helenanci da Latin da Faransanci da Turanci, ya ɗauki aska, ya bi Bisharu huɗu yana yanko ayoyin da suka yi daidai da hankalinsa, yana liƙa su a kan farar takarda. Ya riƙe wa'azin kan dutse, ya riƙe misalai da yawa, ya riƙe labarin kamun Yesu da gicciyewarsa. Ya zubar da mala'ikan da ya zo wa Maryamu, ya zubar da mu'ujizai, ya zubar da tashin matattu. Littafinsa ya ƙare daidai inda aka gangara dutse aka rufe bakin kabari, mutane suka watse. Babu safiyar Lahadi a cikinsa.

Wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne labarin mai shanyayyen hannu a majami'a ran Asabar, a Matiyu sura 12. Jefason ya riƙe tambayar da aka yi wa Yesu, ya riƙe amsarsa game da tunkiyar da ta fāɗa rami, sai ya yanke ayar da hannun ya miƙe. A cikin littafin nan, mutumin ya shigo majami'a da shanyayyen hannu, ya saurari kyakkyawan bayani a kan yin alheri, ya koma gida da shanyayyen hannunsa. Ga addinin hali ke nan tsirara. Kuma in faɗi gaskiya, na fi ganin mutuncin Jefason a kan wasunmu, domin shi ya san abin da yake yi, ya ɗauki askarsa a fili. Mu ba mu taɓa takarda. Littafinmu yana nan cif a kan tebur, da bangonsa baƙi da igiyarsa ja. A baki muke yin yankan, ta wurin abin da muke tsallakewa Lahadi bayan Lahadi.

Sai dai askar ba ta yanka yadda ake so. Wanda yake son ya raba koyarwar Yesu da Allahntakarsa kamar mai son tsame gishiri ne daga miyar da ta riga ta dahu. Ku ɗauki wa'azin kan dutse kansa, Matiyu 5 zuwa 7, wanda masu wannan ra'ayi suka fi ƙauna. Annabawan dā, in za su yi magana, sukan fara da nuna cewa saƙon na Ubangiji ne, su 'yan aike ne kawai. Yesu kuwa ya kawo abin da aka faɗa wa kakanni, ya ajiye maganar kansa a gefensa, da ikon kansa, har sau shida a sura guda. Ya ce albarka ta tabbata ga wanda aka tsananta wa saboda shi. Kafin ya rufe wa'azin, ya nuna cewa a ranar ƙarshe mutane za su tsaya a gabansa suna kiransa Ubangiji, shi ne kuma zai yanke wanda ya sani da wanda bai sani ba. Wane malami ne yake cewa shi ne alƙalin ranar shari'a? A sura ta 10 ya ƙara da cewa wanda ya fi ƙaunar uwarsa ko ubansa a kansa bai cancance shi ba. Ku kwatanta a unguwarku. Da wani malami zai tara yaranku ya ce su ƙaunace shi fiye da iyayen da suka haife su, da kafin rana ta fāɗi kowa ya janye ɗansa, ba kuwa wanda zai kira shi malami nagari. Malamin kirki hanya yake nunawa. Wannan kuwa kansa yake nunawa, ya ce shi ne hanyar.

Ko kuwa ku dubi abin da ya faru a Kafarnahum, a Markus sura 2, ranar da aka buɗe rufin ɗaki aka zuraro shanyayye. Kafin Yesu ya taɓa zancen ƙafafunsa, sai ya sanar da shi an gafarta zunubansa. Malaman Attaura da ke zaune suka ce a ransu wannan saɓo ne, domin gafarar zunubi ta Allah ce shi kaɗai. Mun saba ganin laifin mutanen nan, amma a wannan gaɓa tauhidinsu daidai ne. Idan akuyar maƙwabcinka ta cinye maka shuka, kai ne kake da ikon ka ce ka yafe, domin kai ka yi asara. In wani mai wucewa ya tsaya a bakin gonarka ya ce wa mai akuya, "Je ka, na yafe maka," za ka tambaye shi gonar ta ubansa ce? Yesu ya yafe wa mutumin da bai taɓa yi masa laifi a fuskar duniya ba, kamar shi ne mai gonar da kowane zunubi yake yi wa ɓarna. Bai kuma ce sun fahimce shi a karkace ba. Ya tashe mutumin a gabansu don su san yana da wannan iko.

Haka abin yake har ƙarshe. A Yohanna 8 da 10 sun ɗebi duwatsu, suka kuma faɗi dalilinsu: mutum ne yana mai da kansa Allah. A gaban majalisa, a Markus 14, babban firist bai kyakketa rigarsa don Yesu ya ce a ƙaunaci maƙwabci ba, wannan ai yana cikin Littafin Firistoci tun zamanin Musa. Ya kyakketa ta ne saboda amsar da Yesu ya bayar game da kansa. Ku kuma lura da batun sujada. Karniliyus ya fāɗi a gaban Bitrus, Bitrus ya ɗaga shi nan take. Mutanen Listira suka kawo bijimai za su yi wa Bulus da Barnaba hadaya, su biyun suka keta tufafinsu suka ruga cikin taro suna hanawa. Mala'ikan da ke cikin Wahayin Yohanna ma ya ƙi. Amma da Toma ya ga raunukan ya kira Yesu Ubangijinsa da Allahnsa, Yesu bai tsawata masa ba, sai ma ya sa wa waɗanda za su gaskata haka ba tare da sun gani ba albarka. Marubucin nan na Ingila, C. S. Luwis, ya taɓa jan hankalin masu sauraronsa a rediyo, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, cewa mai irin waɗannan maganganu ko dai mayaudari ne, ko hankalinsa ya taɓu, ko kuwa gaskiya ya faɗa. Kujerar malami nagari kawai ita ce guda ɗaya da Yesu bai bar wa kansa ba. Mutumin da ya rugo ya durƙusa ya kira shi da wannan suna, a Markus 10, ya tafi gida da baƙin ciki.

A nan ne ɗan jami'a zai ɗaga hannu ya ce ya karanta a intanet cewa Sarki Kustantin ne ya mai da Yesu Allah a taron Nikiya, shekara ta 325. Maganar ta yaɗu ƙwarai, don haka ya kamata kowane Kirista ya iya amsa ta. Wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Korintiyawa an rubuta ta wajen shekara ta 55, lokacin da mutane da yawa da suka ga Yesu da idonsu suna nan da rai. A ƙarshenta akwai wata kalma ta Aramiyanci, Maranata, addu'a ce da ake yi wa Yesu ana kiransa Ubangiji ana roƙonsa ya zo. Bulus bai fassara ta ga masu jin Helenanci ba, alama ce ta riga ta zama sananniya, ta kuma fito ne daga masu bi na farko a ƙasar Yahudiya. Istifanas, ana jifansa, Yesu ya roƙa ya karɓi ruhunsa. Mutanen nan fa Yahudawa ne, waɗanda safe da yamma suke shaida cewa Allah ɗaya ne, waɗanda kakanninsu suka gwammace mutuwa da su rusuna wa gunki. Ba su daina shaida cewa Allah ɗaya ne ba, ga shi kuma suna yi wa masassaƙin Nazarat sujada. Wannan yana bukatar bayani, "ya koyar da kirki" kuwa bai isa bayani ba.

Akwai ma shaida daga bakin wanda ba namu ba. Wajen shekara ta 112, wani gwamnan Romawa mai suna Filini, wanda yake mulkin Bitiniya a arewacin ƙasar Turkiyya ta yau, ya rubuta wa Sarki Tarajan yana neman shawara a kan Kiristoci. Ya bincike su, har da azabtarwa. Abin da ya gano shi ne suna taruwa a wata rana tun kafin gari ya waye, su rera wa Almasihu waƙa kamar yadda ake yi wa allah, sa'an nan su ɗaure kansu da alkawari cewa ba za su yi sata ba, ba zina, ba cin amana, ba kuwa za su hana ajiyar da aka ba su ba. Shekara 200 da ɗoriya ke nan kafin Nikiya. Ku riƙe yadda abin ya jeru, za mu komo kansa: sujada tukuna, sa'an nan hali. Gwajin da Filini yake yi musu kuwa shi ne su zagi Almasihu su ƙona turare a gaban siffar sarki, domin an gaya masa Kirista na gaske ba ya yin haka. Daular Roma ba ta rasa masu koyar da ɗa'a ba. Sarki Markus Aureliyus kansa ya bar rubuce-rubuce masu zurfi a kan haƙuri da kame kai, a zamaninsa kuma aka karkashe masu bi a birnin Liyon a shekara ta 177. Ba wanda ya jefa su ga namomin jeji don suna da kirki. Sunan da suka ƙi saki ne ya kashe su.

A Nikiya ɗin ma, ba wanda ya tashi ya ce Yesu malami ne kawai. Ariyus, dattijon ikkilisiyar Iskandariya ta Masar, wanda ra'ayinsa ya jawo taron, ya yarda cewa Ɗan yana nan tun kafin duniya, ta wurinsa kuma aka halicci kome. Kuskurensa shi ne ya ce Ɗan ma halitta ne, mafi girma cikin halittu. Wato mutumin da ikkilisiya ta ƙi koyarwarsa ya ɗaukaka Yesu nesa da inda wasu masu zama a bencinmu na gaba suke ajiye shi yau. Atanasiyus, shi ma ɗan Afirka, wanda ya zama bishop na Iskandariya a 328, an kore shi daga kujerarsa har sau biyar saboda wannan batu. Hujjarsa ba mai wuyar ganewa ba ce: wanda ya yi mu shi kaɗai ne zai iya sabunta mu, halitta ba ta fansar halitta.

Wannan hujja ce ta kawo mu ga abin da za mu rasa. Mai cewa addini hali ne yana tsammani ya sauƙaƙa wa kansa kaya, bai san ya gudu ne bai tsira ba. Shari'ar Musa ta hana kisa, Yesu ya kai hukuncin har ga fushin zuciya. Ta hana zina, shi ya kai shi har ga kallon sha'awa. Ya ce a ƙaunaci maƙiyi, ya kuma sa cikar Uba na sama ta zama ma'auni. Wa ya taɓa cika wannan mudu, ko na yini ɗaya? Idan Yesu malami ne kawai, to shi ne malami mafi tsanani da duniya ta taɓa gani: ya ɗora mana dutsen da ya fi na Sina'i nauyi, ya mutu ya bar mu a ƙarƙashinsa. Mutumin da ya fāɗa rijiya ya san hawa ne mafita, ba ya bukatar wanda zai tsaya a baki yana karanta masa ƙa'idodin hawa. Bishara ita ce mai rijiyar da kansa ya sauko. In kuwa wanda aka rataye a Golgota mutumin kirki ne kawai, to mutuwarsa ƙari ce a kan dubban marasa laifi da masu mulki suka kashe, abin tausayi ne, amma ba ta biya bashin kowa ba.

Mu a nan Arewa ba mu da damar ɗaukar wannan a matsayin gardamar aji. A cikin majami'unmu akwai gwauraye da marayu waɗanda rikici ya mai da su haka, akwai waɗanda suka tsaya suna kallon gidansu yana ci da wuta. Ni fasto, da wace fuska zan tsaya a gaban irin wannan mace in ce ta gafarta, in dai abin da nake riƙe da shi shawarar wani mai hikima ne da ya mutu shekara 2,000 da suka wuce? Za ta ce, da gaskiyarta kuwa, shi ma ai kashe shi aka yi, me haƙurinsa ya tsinana masa? Abin da yake ba ni bakin magana shi ne wanda ya umarce ta ta gafarta shi ne Allah da ya sha ƙusa a jikinsa, ya yi wa masu kashe shi addu'a, ya fito daga kabari, shi ne kuma zai zauna a kujerar shari'a inda ba jinin da zai ɓace. Tana iya sakin ramuwa domin akwai hannun da za ta saka ta a ciki. Ku cire Allahntakarsa, umarnin gafara ya koma zalunci na biyu a kan wadda aka zalunta. Haka yake a bakin gadon mai jan numfashin ƙarshe. Ban taɓa ganin wanda ya kai wannan gaɓa ya nemi a tuna masa da ƙa'idodin zaman jama'a ba. Lokacin gyaran hali ya wuce masa. Abin da yake so ya ji shi ne ko akwai wanda ya riga shi shiga kwarin nan ya kuma fito.

Na san abin da za a mayar mini, ba kuwa zan kauce masa ba. Za a ce: ga masu haddace Shaidar Bangaskiya suna cin kuɗin baiko, ga mai jagorar waƙa da gida biyu, ga wanda ba ya shiga majami'a amma ba ya cin ƙwandalar kowa. Gaskiya ne, abin kunya ne, Yakubu kuma ya riga ya gaya mana cewa bangaskiyar da ba ta da ayyuka gawa ce, aljanu ma sun san Allah ɗaya ne. Amma itacen da ba ya 'ya'ya, saiwarsa ake dubawa, ba a sare ta a ce daga yau 'ya'ya kawai muke so. Dattijon da ya ci kuɗin baiko bai yi haka don ya cika gaskata Yesu Allah ne ba. Ya yi ne domin a can cikin zuciyarsa bai gaskata idon nan yana kallonsa a ɗakin lissafi ba. Ku tuna jerin da Filini ya gano. Ku tuna Zakka na Yariko kuma: ya san sata haram ce tun yana yaro, sanin bai hana shi ba. Sai da Ubangiji ya shiga gidansa ya zauna, sa'an nan ya miƙe ya ba da rabin dukiyarsa, ya kuma yi alkawarin mayar da ninki huɗu ga duk wanda ya cuta.

Saura mu masu wa'azi da malaman makarantar Lahadi, gama mafi yawan yankan a hannunmu yake faruwa. Mun ɗauki Dauda da Goliyat mun ce darasin shi ne ka yi ƙarfin hali. Mun ɗauki Yusufu mun ce ka guji matar maigida. Mun ɗauki gurasa biyar da kifi biyu mun ce yara su koyi rabawa da 'yan'uwansu, muka manta da wanda ya sa gurasar ta ƙi ƙarewa. Ba ɗaya cikin waɗannan da yake ƙarya, amma yaron da ya yi shekara 15 yana jin su kaɗai zai isa jami'a da tunanin cewa Littafi Mai Tsarki kundin tatsuniyoyin ladabi ne, ranar da wani ya nuna masa ana samun ladabi a wani wuri, ba abin da zai riƙe shi. Kowane mai wa'azi ya gwada takardarsa daren Asabar: in za a iya karanta ta a taron iyayen yara ko taron wayar da kai na ƙaramar hukuma ba tare da an sauya kalma ɗaya ba, to ba ta isa hawa mumbari ba tukuna.

Dattawan ikkilisiya kuma, ku da kuke zama ku tantance masu neman baftisma, mun saba tambayarsu ko sun daina shan giya, ko aurensu a kan ƙa'ida yake, ko suna ba da zakka. A ci gaba da tambaya. Amma a fara da tambayar da Ubangiji ya yi wa almajiransa a Kaisariya Filibi, wato su da bakinsu wa suke ce da shi. Idan mai neman baftisma ya amsa cewa Yesu mutumin Allah ne da ya koya mana zaman lafiya, kada a kore shi, kada kuma a sa shi a ruwa. A zaunar da shi, a buɗe Bisharar Yohanna tun daga sura ta fari, a karanta tare da shi a hankali har sura ta 20, ko da hakan zai sa ya jira baftismar baɗi.